Fadama Ɗaya, Masaya Biyu

Idan da baƙo ake ciniki, duk kasuwar Gwandu babu mai taurin kan Siddiƙu masaƙi. Sai ka taya masa zane tun da hantsi yana ce maka albarka, ka je ka zagaya ka dawo da azahar ka ƙara sisi, ya sake cewa albarka ko kallonka bai yi ba. Amma mutumin nan dai, da ya hango rawanin surukinsa Malam Bawa na Kalgo, sai ya tuɓe takalma ya zube ƙasa, harshensa ya mutu murus. Shekara uku da ya auri Rahmatu, bai taɓa haɗa ido da ubanta ba, bai taɓa cin abinci inda tsohon zai gan shi ba, kuma ban da gaisuwa babu wata magana da ta taɓa shiga tsakaninsu. Mutane suna yaba masa, suna cewa ga ɗan halak mai kunya. Ita kuwa Rahmatu har alfahari take yi da shi a cikin mata.

A shekarar alif da ɗari tara da hamsin da huɗu mahaifin Siddiƙu ya rasu a Kalgo, ya bar masa fadamar shinkafa guda, mai iyaka da ta Malam Bawa ta gabas. Siddiƙu tun yana ƙarami aka kai shi Gwandu ya koyi saƙa, bai san zafin galma ba, kuma ba ya marmarin ya sani. Keken ɗinki yake so, irin wanda ya gani a Birnin Kebbi ya kasa mantawa. Sai ya ƙudura zai sayar da fadamar.

Inda gizon yake saƙa shi ne, tun da tsohonsa ya kwanta ciwo, shekara biyar ke nan, Malam Bawa da babban ɗansa Lawali ne ke noma ta aro. Ga shi kuma a lokacin Rahmatu tana gidan uban nata, ta je wankan haihuwar fari. Siddiƙu yana son matar nan so mai tsanani, irin wanda mazan Gwandu ba sa faɗa da baki, kuma babu abin da yake tsoro a duniya kamar wani abu ya ɓata tsakaninsa da gidansu har ta ƙi dawo masa. Mai hankali da sai ya fara zuwa wajen tsohon. To, amma ta yaya mutumin da ba ya iya tari a gaban surukinsa zai zauna ya yi ciniki da shi? Sai ya kama hanyar da ta fi masa sauƙi, ya kira Mamman dillali.

Mamman ɗan siririn mutum ne mai zaƙin baki, wanda in ya ji ƙanshin la'ada ko kabari sai ya nemo masa mai saye. Kwana biyu ya kawo Abdulgani, wani attajirin Gwandu da ke sarin shinkafa yana loda ta a mota zuwa Gusau. Ya gaji da saye a hannun manoma, yana son tasa fadamar. Suka zauna ƙarƙashin rumfar saƙar Siddiƙu.

Abdulgani ya ce, "Na saye ta hwam goma sha biyar."

"Albarka."

"To, hwaɗi naka mu ji."

"Talatin."

"Talatin? Zinari ka hita cikinta?"

"Shinkahwa ka hita, wadda kaka saye da tsada kullum."

Abdulgani ya yi dariya ya ƙara fam biyu, Siddiƙu ya ce albarka yana ta jifa da ƙoshiyar saƙarsa. A nan kam gwani ne. Aka tashi a kan Mamman zai je Kalgo ya auno fadamar da igiya, a san tsawonta da faɗinta, sannan a sake zama.

Ranar kasuwa Mamman ya hau mota ya tafi. Ya isa fadamar da hantsi, ƙasa ta bushe ta tsattsage bayan janyewar ruwa, ya kafa turke ya fara jan igiyarsa yana 'yar waƙa. Bai kai rabi ba ya ji an taka igiyar. Ya waiga ya ga Lawali, wan Rahmatu, ƙato baƙi mai wuya kamar na sa, riƙe da gora.

Lawali ya ce, "Mi kaka yi nan da igiya?"

Da Mamman ya san wanda ke gabansa da ya ce tsuntsu yake kamawa. Sai ya gyara hula ya ce mai fadama ne ya sa shi, za a sayar wa wani attajiri na Gwandu. Bai rufe baki ba gora ta sauka a kansa. Ta biyu ta same shi a baki, haƙoransa na gaba biyu suka zube cikin tsagar ƙasa. Lawali ya naɗe masa igiyar a ƙafa ya ja shi kan busassun hoge, manyan curin ƙasa, har bakin iyaka, bayansa ya saɓule, riga ta zama tsumma. Can ya kwance shi ya ce ya koma ya gaya wa attajirin nasa, guminsu na shekara biyar yana cikin ƙasar nan, duk wanda ya sake shigowa da igiya da ita za a ɗaure gawarsa.

Mamman ya dawo Gwandu baki a kumbure, yana magana iska na fita. Siddiƙu ya ɗauka cinikin ya mutu, har ya ji wani sanyi a ransa. Ashe bai san masu kuɗi ba. Abdulgani da ya ji an daki ɗan aikensa, sai abin ya koma masa na girman kai. Ya aiko cewa ya kai fam ashirin. Siddiƙu ya ce albarka, amma ya san yanzu labari ya riga shi isa gidan surukai.

Dole ya je. Ya sayi goro da sabulu da ɗan zane na jaririya ya nufi Kalgo. Ko ruwa bai gama sha ba aka ce Malam Bawa na kiransa a zaure. Ya tuɓe takalma tun daga waje, ya shiga a sunkuye ya durƙusa daga bakin ƙofa. Ta gefen ido ya ga ƙafafun mutum uku a kan tabarma, na surukinsa da na liman da na mai unguwa. Ya san an shirya masa.

Malam Bawa tsoho ne mai sanyin murya, ba shi da zafin ɗansa ko kaɗan. Ya ce, "Siddiƙu, na ji kana son rabuwa da hwadamar marigayi. Ba laihi, taka ta. Abin da Lawali ya yi ma dillalinka ban ji daɗinai ba, na kuwa yi mai hwaɗa. Amma ni da ubanka shekara arba'in muna raba iyaka, ba a taɓa jin kanmu ba. Ban son baƙo kusa gare ni da tsuhwana. Hwam goma sha huɗu ag gare ni, ita na tara. Na taya. Mi ka ce?"

Goma sha huɗu! Siddiƙu ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ga ashirin a Gwandu ya ƙi, kuma ya san za ta hau. Albarka ta taso masa har maƙogwaro, kalmar da yake faɗa sau ɗari a wuni ba tare da ya ji komai ba. Ta tsaya nan ta ƙi fita. Ya ƙara sunkuyar da kai, ya sa yatsa yana zane a ƙasa. Zaure ya yi tsit, har ana jin kukan jaririyarsa daga cikin gida.

Mai unguwa ya yi murmushi ya ce, "Kunya ta, Malam. Yaron kirki ba ya ciniki da surukinai. Wanga shiru nasa sallamawa ta."

Liman ya ɗaga hannu aka yi fatiha. Aka fasa goro aka raba na shaida, aka miƙo wa Siddiƙu nasa, ya karɓa da hannu biyu. Malam Bawa ya sa masa albarka, ya ce kuɗin za a kai masa har Gwandu.

Kafin ya tafi aka bar shi ya ga Rahmatu a ɗakin gwaggonta. Ta yi fari ta yi ƙiba da kunun kanwa, tana ta fara'a. Ta ce masa tun da aka fara zancen fadamar Baba ba ya cin abinci sosai, yau ga shi har ya nemi ƙari. Ta ce, "Na san ba ka ba ni kunya." Siddiƙu ya yi yaƙe, ya kalli 'yarsa.

A Gwandu Mamman yana jiransa. Da ya ji yadda aka yi, sai ya matso kusa yana feso miyau ta giɓinsa.

"Tsaya. Ka ce na sallama?"

"Ban ce ba."

"Ka karɓi ko anini?"

"Goro ɗai."

"To, ina ciniki? Goro ko wurin jana'iza ana ba ka shi. Ciniki baki ka yin shi. Ni da anka zubar ma haƙora, in tashi ba la'ada?"

Washegari Abdulgani ya zo da kansa, ya kawo shaidunsa biyu. Ya ce ashirin da uku, Siddiƙu ya ce albarka. Ya ce ashirin da biyar. Siddiƙu ya ce ya sauko daga talatin zuwa ashirin da takwas, ko sisi ba ya ragewa. Suka ja, suka ja, har Abdulgani ya buga cinya ya ce ashirin da shida, in an ƙi ya tashi. Siddiƙu ya hango keken nan baƙi mai ƙyalli, ya hango kansa a rumfa yana taka shi. Ya gaya wa zuciyarsa cewa ai gaskiyar Mamman ne, bai furta komai a Kalgo ba, kuma in ya ɗinka wa tsohon babbar riga ya aika da ban haƙuri komai zai wuce. Ya ce, "Na sallama." Aka ba shi fam biyar kafin alƙalami.

Saura a sanar da Malam Bawa. Mamman ya rantse ko za a ba shi Kalgo kyauta ba ya sake taka ta. Siddiƙu ya sa wani malami ya rubuta masa wasiƙa da ajami, ya sa a aljihu, kullum sai ya ce gobe zai ba direba. Kwana tara tana aljihunsa har ta yi laushi da gumi. Abdulgani kuwa bai da wannan nauyin baki, duk tashar da motarsa ta tsaya sai ya faɗa cewa ya sayi fadama a Kalgo.

A kwana na goma, da azahar, Siddiƙu na cikin saƙa inuwa ta rufe shi. Lawali ne, ƙafafunsa buɗu-buɗu, idanunsa jawur.

Ya ce, "Baba ya aiko ni. Yac ce ƙarya mutane ka yi maka, kai ba ka yin haka. Ga kuɗɗinka goma sha huɗu. Yac ce kuma in sun yi kaɗan, ya ƙara maka jan bijiminai, ka sai da ka cika. Bijimi guda ag gare shi, ka sani. To, ni ba Baba ba na. Dube ni ka hwaɗa min, ka sai ma Abdulgani ko ba ka sai mai ba?"

Wan mata ma ai suruki ne. Siddiƙu ya sunkuyar da kai. Lawali bai zo da liman da zai fassara masa shiru ba. Ya zaro wuƙa ya bi dogon zaren da aka ja tsakar fili ya datse shi gida uku, aikin wata guda ya zube cikin turɓaya. Ya sa ƙafa ya tattake masaƙar ta kakkarye. Sannan ya damƙo Siddiƙu a wuya ya fizgo shi waje, ya haɗa kansa da ginshiƙin rumfa sau biyu, goshi ya fashe, jini ya rufe masa ido ɗaya. Sauran masaƙa suka taso, Lawali ya juya musu wuƙa suka ja da baya. Ya jefa wa Siddiƙu jakar kuɗin a ƙirji.

"Ran Lahadi muna kaftu, mun kira gayya. Hwadama tamu ta, an yi hwatiha. In kana son ƙanwata ta sake shan ruwan gidanka, ka san abin da kaka yi."

Wannan magana ta ƙarshe ta fi dukan yi wa Siddiƙu ciwo. Ya wanke fuska, ya ɗaure goshi da ƙyalle, ya ɗauki fam biyar ɗin nan ya nufi gidan Abdulgani. Keken ya fita ransa fit. Ya ajiye kuɗin a gaban attajirin ya ce ya fasa, a yi masa rai, aurensa ne zai mutu.

Abdulgani ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Wayo na? Sun ƙara maka, ko? To, na kai talatin ɗin da ka nema tun hwarko."

"Ba kuɗɗi na ba, Alhaji. Ko ɗari ka ba ni ban so."

Nan fuskar Abdulgani ta canza. Ya ce shi ba a sallama masa abu gaban shaidu a dawo a ce an fasa, ba yaro ba ne. Ya ƙwala wa Umaru kira. Umaru mahauci ne da ya bar dambe bayan ya kashe wa wani ido, yanzu shi ke raka motar Abdulgani. Ya kama hannun daman Siddiƙu ya shimfiɗa a kan dakali, ya riƙe ɗan yatsansa na tsakiya ya lanƙwasa shi baya a hankali, yana kallon fuskarsa, har ya ce ƙas. Siddiƙu ya kurma ihu ya durƙushe. Abdulgani ya tura masa fam biyar ɗin cikin aljihu ya ce saura yatsu tara, kuma ran Lahadi da shi za a je Kalgo, ya faɗa da bakinsa gaban kowa wanda ya sayar wa.

Ran Lahadi rana ta ɗaga kaɗan motar ta tsaya a bakin fadama. Mutum goma sha biyu suka diro da galmuna, wasu da adduna a ƙugu, Umaru yana tura Siddiƙu a gaba. Gayyar Malam Bawa ta riga ta fara aiki, sun fi ashirin, sun jeru suna kaftu, suna juya ƙasa da galma, ana yi musu kiɗa. Kiɗan ya tsaya. Aka tsaya ana kallon juna, tsakani bai fi taku goma ba.

Malam Bawa ya hana Lawali motsi, ya tako shi kaɗai da sandarsa. Ya dubi ƙyallen goshin Siddiƙu, ya dubi hannun da ya kumbura, ya girgiza kai. Siddiƙu tuni ya tuɓe takalma ya durƙusa a kan hoge.

Tsohon ya ce, "Ɗana, ɗaga kanka. Yau na ɗauke maka kunya. In wanga bawan Allah ka sai mawa, hwaɗi, in kwashe mutanena in tahi gida, wallahi ban riƙe ka da komi. In kuwa ni ka sallama mawa, hwaɗi shi ji da kunnenai. Kalma guda, mu watse lahiya."

Ba a taɓa buɗe wa mutum ƙofa kamar wannan ba. Amma Siddiƙu yana jin numfashin Umaru a ƙeyarsa, yana kuma ganin mutanen Kalgo sun zuba masa ido, waɗanda za su kai wa Rahmatu duk abin da ya fito bakinsa. In ya ce Abdulgani, ya tabbata maci amanar suruki a bainar jama'a. In ya ce Baba, saura yatsu tara. Fiye da duka, wuyansa ya ƙi ɗaguwa, kamar yadda ya saba ƙi shekara uku. Ya sa yatsan hagu yana zane a ƙasa.

Abdulgani ya ce, "Kun gani? Kunya ta hana shi hwaɗa ma tsoho gaskiya. Umaru, sa galma."

Lawali ya daka tsawa, "Haka ya yi ran da anka yi hwatiha! Wanda duk ya sari ƙasag ga, sai uwatai ta haihi wani!"

Umaru ya tofa miyau a tafi, ya ɗaga galma ya kafta.

Gorar Lawali ta same shi a kafaɗa kafin ya zare ta, sai wuri ya yamutse. Galma da aka ƙera don ƙasa ta koma kan mutane. Wani ɗan gayya ya tare sara da hannu, yatsunsa biyu suka faɗi, ya tsaya yana kallonsu kafin ya fara ihu. Makaɗi ya rafka wa wani gangarsa a ka ta fashe. Aka kayar da ɗaya daga mutanen Gwandu, mutum huɗu suka rufe shi da ƙotoci har ya daina kare kansa. Ƙura ta tashi, ba ka jin komai sai ƙarar itace a kan ƙashi da salati da ashar. Wani ya taka hannun Siddiƙu mai karaya, wani ya haure shi a haƙarƙari, ya kife yana cin ƙasa. Abdulgani, da ya ga abin ya wuce yadda ya auna, ya tattare riga ya ruga mota.

Umaru da Lawali suka sami juna a tsakiya. Gora ta karye, Lawali ya fizgi mashin kifi daga hannun wani. Umaru ya ɗaga galma da hannu biyu. Malam Bawa, maimakon ya ja da baya kamar kowane tsoho mai son ransa, sai ya kutsa tsakaninsu, rawani ya warware, hannuwa a sama, yana cewa, "Ku bari! Na bar mai! Na bar hwadamar!" Galmar ta riga ta taho. Ta sauka tsakanin wuyansa da kafaɗa, ta nutse. Tsohon ya durƙusa, ya kife. Lawali ya yi wata ƙara da ba ta mutane ba, ya soka wa Umaru mashin a ciki har ya ɓullo ta baya.

A lokacin ne bakin Siddiƙu ya buɗe. Ya rarrafa cikin ƙafafun mutane yana kururuwa, "Ta Baba ta! Baba na sallama mawa! Ku ji, ta Baba ta!" Ya faɗa ya fi sau goma, babu wanda ya saurare shi. Ya isa ya tallabo kan surukinsa a cinya, ya danna ƙyallen goshinsa a kan raunin, jini na ɓulɓulowa ta tsakanin yatsunsa da ɗumi. Ran nan ne ya fara ganin fuskar mutumin sosai. Ashe yana da ɗan tabo a gefen hanci, ashe idanunsa irin na Rahmatu ne sak. Tsohon ya motsa leɓe, liman ya iso da gudu yana laƙƙana masa kalmar shahada. Kafin mutanen Gwandu su gama tserewa cikin ciyawa, ya cika.

Da azahar 'yan doka suka zo suka ɗaure Lawali da igiya suka tafi da shi Birnin Kebbi, bai ko yi gardama ba. Suka ce wa Siddiƙu kada ya bar gari, alƙali zai neme shi. Aka rufe Malam Bawa da la'asar. A maƙabarta babu wanda ya zagi Siddiƙu, babu kuma wanda ya tsaya kusa da shi. Ya dawo ya zauna a rana a ƙofar gidan surukin nasa, riga duk jini, yana jin kukan mata daga ciki, yana neman muryar Rahmatu a cikinsu bai ji ba.

Can gwaggonta ta leƙo ta ce ya zagaya ta bayan danga, ana son magana da shi. Ya je. Rahmatu na tsaye daga ciki, goye da jaririya, zana ta raba su, yana ganin rabin fuskarta ta wata ɓaraka. Idonta a bushe yake, kuma wannan ya fi ba shi tsoro.

Ta ce, "An ce Baba ya roƙe ka ka yi magana."

"Ya roƙe ni."

"An ce har yac ce in wancan ka sai mawa, shi tahi gida ba komi."

"Haka na."

"To, mi ya hana ka?"

Ya ce a hankali, "Kunyatai nika ji, Rahmatu. Kuma ina tsoron ki ji, ki ƙi komowa."

Ta gyara goyonta. Sannan ta ce, "Shekara uku ina yawo cikin mata ina cewa mijina ko ido ba ya haɗawa da ubana. Da ka zage shi ran nan cikin zaure, da ka ce mai albarka, tsoho, kuɗɗinka sun yi kaɗan, da na yi hushi da kai wata guda, shi ko da yanzu shina alwalar magariba. Yau ba ni da uba, ba ni da wa. Ka rubuto min takardata ka ba Gwaggo."

Siddiƙu ya kama zanar da hannunsa mai lafiya ya fara magana. Ya faɗi zancen keken, da Mamman, da wasiƙar da ta kwana tara a aljihu, da yatsansa, ya ce ya bar wa gidansu fadamar kyauta, ya ce yana sonta, abin da bai taɓa furtawa ba tun da aka ɗaura aure. Tun da ya fara shiga gidan nan bai taɓa yin magana mai tsawon wannan ba. Sai da ya tsaya ya ja numfashi ya leƙa ta ɓarakar, ya ga babu kowa a wurin, ta daɗe da komawa ɗaki.